Ɗan Ƙarfen da ke Gadin Wuta: Tarihin Tamokopul Daga Ɗakin Bincike Zuwa Hitar Gida

A wani hunturu da na yi a Amurka, lokacin da na je gajeren kwas na aikin jarida, na sauka a wani tsohon gidan haya mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wata safiya na murɗa famfon wanka, na jira ruwan zafi har na gaji, bai zo ba. Mai gidan, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi. A can ƙasa ya durƙusa gaban hitar ruwa, wata doguwar tukunya mai aiki da gas, ya danna wani maɓalli, ya kunna 'yar ƙaramar wuta shuɗiya a gindinta, ya riƙe maɓallin yana ƙirga a hankali. Yana sakin hannu sai muka ji ƙas, wutar ta mutu. Sau uku yana maimaitawa, sau uku tana mutuwa.

Ni kuwa da sanyi ya riga ya ratsa, sai na ce, "Ranka ya daɗe, me zai hana mu danne maɓallin nan da wani abu mu bar shi a haka?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce wannan ita ce dabarar da ba a yi, sannan ya rufe gas. Da komai ya huce, ya kwance wani siririn ƙarfe mai kaurin fensir da doguwar jela ta jan ƙarfe, ya goge kansa da samfefa mai laushi, ya share da tsumma, ya mayar. A karo na huɗu wutar ta zauna.

Sunan wannan ƙarfe tamokopul. Kalmar ta haɗa ma'ana biyu, zafi da kuma abubuwa biyu da aka aura, domin ƙarfe iri biyu ne aka manne a wuri guda. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma galibin masu gida ba su san yana nan ba sai ranar da ya hana su wanka. Amma an shafe fiye da shekara ɗari tsakanin ranar da aka gano sirrinsa da ranar da ya shiga gidajen mutane, kuma labarin wannan tafiya ne ya fahimtar da ni dalilin kallon da dattijon ya yi mini.

Kuskuren likitan da ya ga allura ta motsa

A shekarar 1820 wani malamin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya nuna cewa idan lantarki ya bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkace. Labarin ya girgiza masana a Turai, domin kafin nan ana ɗaukar lantarki da maganaɗisu abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Cikin waɗanda suka duƙufa gwaji har da Thomas Johann Seebeck, Bajamushe haifaffen birnin Reval, wato Tallinn ta ƙasar Estoniya a yau. Likitanci ya karanta a Göttingen, amma hankalinsa ya fi karkata ga binciken haske da launi, har ya yi aiki tare da marubucin nan Goethe a kan wannan fanni.

A 1821, a Balin, Seebeck ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut ya yi zobe da su, ta yadda suka haɗu a wuri biyu. Da ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyinta, sai allurar kamfas ta motsa, alhali babu batir a wurin. Ya yi ta gwada ƙarafa iri-iri, ya jera su gwargwadon ƙarfin motsin da kowace haɗaka ke haddasawa.

Abin mamaki shi ne bai yarda cewa lantarki ne ke gudana ba. A ganinsa bambancin zafi ne ke mayar da ƙarafan maganaɗisu kai tsaye, har ya yi hasashen cewa maganaɗisun duniya ma daga bambancin zafin tsakiyarta da sanyin ƙuryoyinta ya samo asali. Ørsted ne ya gane cewa lantarki ne zafin ke haifarwa, shi ne kuma ya raɗa wa lamarin sunan da ke nuna haka. Seebeck ya rasu a 1831, sunansa na manne da abin da ya gano, fassararsa kuwa an ajiye ta gefe.

A taƙaice ga abin da ke faruwa. A cikin kowane ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki masu yawo. Idan gefe ɗaya ya yi zafi, ƙwayoyin wannan gefen sukan ƙara kuzari su kwarara zuwa gefen sanyi, sai a sami ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin gefen biyu. Kowane ƙarfe da nasa gwargwado. Idan ƙarfe iri ɗaya ne aka yi zoben da shi, abin da wannan ɓari ya tura ɗaya ɓarin zai soke shi. Idan kuwa iri biyu ne, ɗaya zai rinjayi ɗaya, sai lantarki ya zagaya. Muddin akwai bambancin zafi, lantarkin na nan. Da zarar mahaɗar ta huce, ya ɗauke. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce za ta zama jarin tamokopul bayan ƙarni guda.

Shekarun awo

Amfanin farko da aka yi da shi a ɗakin bincike ne. Batiran wancan zamani ba su da tabbas, ƙarfinsu kan hau ya sauka cikin 'yan mintoci. Wani malamin makaranta a birnin Kolon, Georg Ohm, ya sha wahala da su, har aka ba shi shawara ya koma ga haɗakar bismut da jan ƙarfe. A 1826 ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami lantarki mai ɗorewa a kan ma'auni guda. Da shi ya tabbatar da ƙa'idar da ya wallafa a 1827, wadda duk ɗalibin sakandare da ya karanta fiziks ya haddace da sunan dokar Ohm.

Daga nan aka juya lissafin: idan zafi na haifar da lantarki daidai gwargwado, to auna lantarkin zai faɗi yawan zafin. A Italiya, Nobili da Melloni sun jera tamokopul da yawa a layi ɗaya suka sami na'urar da ke jin ɗumin jikin mutum daga nesa. A tsakiyar shekarun 1880 Bafaranshe Henri Le Chatelier, wanda ke binciken siminti kuma yake buƙatar sanin zafin cikin tanderu, ya haɗa filatinam da gaurayen filatinam da rodiyam, ya sami ma'aunin da ke jure zafin da ya haura digiri dubu. Masana'antun ƙarfe da gilashi da siminti suka rungume shi. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ba da labarin zafi na cikin manyan ayyukan tamokopul. Kafin ya zama mai gadi, sai da gas ya shiga gidaje ya nuna halinsa.

Yadda gas ya shiga banɗaki

Gas ɗin farko da aka sayar wa jama'a daga kwal ake tatsarsa. William Murdoch ya haskaka gidansa da shi a Redruth ta Ingila wajen 1792, an nuna fitilunsa a titin Pall Mall na Landan a 1807, kuma a 1812 aka kafa kamfanin gas na farko a birnin. Shekaru da dama haske kawai ake nema a wurinsa, domin harshensa rawaya ne mai hayaƙi. A 1855, a Heidelberg, Robert Bunsen da maƙerin ɗakin bincikensa Peter Desaga suka fito da murhun da ke cuɗa gas da iska kafin ya kama. Harshen ya koma shuɗi, mai tsananin zafi, marar kunkunniya. Wannan ya buɗe ƙofar girki da ɗumama ruwa da gas.

A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya yi rajistar na'urar da ruwan sanyi ke gangarowa ta cikinta yana haɗuwa da zafin wutar gas, ya fito da ɗumi kai tsaye zuwa bahon wanka. Ya kira ta Geyser, sunan wani marmaro mai tafasa a ƙasar Aisland, kuma har yau da wannan suna ake kiran hita a Indiya da Afirka ta Kudu. Sai dai na'urarsa ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Duk abin da wutar ta fitar a cikin banɗakin yake tsayawa, ɗakin da aka saba rufe ƙofarsa da tagarsa. Ga shi kuma gas ɗin kwal kansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi, wadda ke kwantar da mutum ba tare da ya farga ba. Don haka ko wutar na ci ko ta mutu gas na zuba, mai wanka na cikin haɗari.

Gyare-gyare sun biyo baya. A Jamus, Johann Vaillant na garin Remscheid ya yi rajistar hitar da ruwa ke bi ta rufaffen bututu ba ya cuɗanya da hayaƙi a 1894, Hugo Junkers kuma, wanda daga baya ya yi suna a ƙera jiragen sama, da hitar gas ya kafa kamfaninsa a Dessau. A Amurka, wani injiniya ɗan ƙasar Nowe mai suna Edwin Ruud, wanda ke aiki a ƙarƙashin George Westinghouse a Pittsburgh, ya tsara a 1889 tukunyar da ke adana ruwan zafi tana kunna kanta tana kashewa gwargwadon zafin ruwan. A 1897 ya kafa nasa kamfanin. Doguwar tukunyar da na gani a ɗakin ƙasa na mai gidana jikanyar wannan ce.

Na'urar da za ta kunna kanta da tsakar dare tana buƙatar abin kunnawa da ke jiranta kullum. Sai aka ƙirƙiro 'yar ƙaramar wuta da ba a kashewa, wadda babban murhu ke kamawa daga gare ta duk lokacin da bawul ya buɗe. Wanda ya taso a gidan da ake binne garwashi cikin toka don gobe da safe ya san wannan dabara. Bambancin shi ne garwashi idan ya mutu sai a aika yaro maƙwabta ɗebo wuta, babu abin da aka rasa sai lokaci. 'Yar wutar gas idan iska ta hure ta, gas bai san ta mutu ba. Zai ci gaba da fita, kuma da ruwa ya huce babban bawul zai buɗe ya ƙara kwararo shi cikin ɗakin da babu kowa. Gas ɗin ƙasa yana kamawa idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki. Daga nan abin da ya rage ƙyastu ɗaya ne.

Amurka ta ga iyakar abin da tarin gas zai iya yi ranar 18 ga Maris, 1937, a garin New London na jihar Texas. Wata makaranta tana ɗumama azuzuwanta da gas ɗin da ke fitowa daga rijiyoyin mai na yankin, wanda ba shi da wari ko kaɗan. Ya yi ta yoyo yana taruwa a ƙarƙashin ginin, har tartsatsin wata na'ura a ɗakin koyon sana'a ya tayar da shi. Kusan mutum 300 suka mutu, mafi yawansu yara. Yoyon bututu ne ya jawo wannan masifa, amma darasin ya shafi duk wani mai amfani da gas: ba a dogara da sa'a. Cikin 'yan makonni majalisar jihar ta wajabta zuba sinadari mai wari a cikin gas, al'adar da ta bazu a duniya. Warin da muke ji idan silinda na yoyo a kicin irin wannan sinadari ne, da gangan aka sa shi. Amma wari sai da hanci a kusa, kuma mai hancin yana farke. Ana buƙatar mai gadin da ba ya barci.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi

Injiniyoyin ƙarni na 19 sun riga sun gano wata ƙa'ida a wasu fannoni. A 1854, a wani baje koli a New York, Elisha Otis ya hau dandamalin na'urar hawa bene ya sa aka yanke igiyar, dandamalin ya tsaya cak, domin jan igiyar ne ke hana birkin kamawa. Westinghouse, ubangidan Ruud, ya bi wannan hanya a jirgin ƙasa. Birkinsa na farko na 1869 sai an tura iska yake kamawa, saboda haka idan bututu ya fashe jirgi ya rasa birki. A 1872 ya juya tsarin: matsin iskar da ke cikin bututu ne ke riƙe birki a sake, idan tarago ya ɓalle ko bututu ya huje, birki ya kama da kansa. Ma'anar ita ce a tsara na'ura ta yadda lalacewarta za ta kai ta ga tsayawa.

An fara gwada haka a kayan gas da ƙarfe mai lanƙwashewa idan ya ji zafi, da kuma ruwan da ke kumbura cikin siririn bututu ya tura bawul. Sun yi aiki, amma suna da sassa masu motsi a bakin wuta, waɗanda kan gaji ko su cije. A shekarun 1930 ne aka shigo da tamokopul cikin wannan aiki a Amurka, inda kamfanin Milwaukee Gas Specialty ya yaɗa bawul ɗin da ya yi suna da BASO. Tsarinsa bai canza sosai ba har yau.

Ga yadda yake. Kan tamokopul yana zaune cikin harshen 'yar wutar. Zafin yana haifar da lantarki kimanin milibolt 25 zuwa 30, wato kusan kashi ɗaya cikin hamsin na ƙarfin ƙaramin batirin rimot. Jelar jan ƙarfen nan waya biyu ce a haɗe, bututun waje ɗaya, siririyar waya a cikinsa ɗaya, su ne ke kai lantarkin ga wani ɗan maganaɗisu na naɗaɗɗiyar waya a cikin akwatin bawul. A gaban maganaɗisun akwai faifan ƙarfe da sifirin ke turawa kullum zuwa rufewa. Lantarkin ya yi ƙanƙanta da ya jawo faifan daga nesa, amma ya isa ya riƙe shi idan an kawo masa shi har baki. Wannan shi ne aikin yatsan mai gidana: yana danna maɓalli ya manna faifan da maganaɗisu, ya jira rabin minti zuwa minti guda kan ƙarfen ya yi zafi, sannan ya saki. Idan wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, maganaɗisu ya saki, sifirin ya rufe hanyar gas gaba ɗaya, ta 'yar wuta da ta babban murhu. Ƙarar ƙas da muka ji ke nan.

Kyawun tsarin yana cikin rauninsa. Ba ya buƙatar batir ko wutar gari, wutar da yake gadi ita ke ciyar da shi. Kuma kusan duk abin da zai same shi, waya ta tsinke, noti ya kwance, kai ya ƙone ko ya yi datti, sakamakon ɗaya ne: lantarki ya ragu, gas ya rufe. Bawul ɗin ba ya buɗe sai da shaidar cewa wuta na ci, kuma shaidar sai an ci gaba da gabatar da ita kowace daƙiƙa.

Abin da gogewa ke gyarawa, da abin da ba ta gyarawa

Da wannan a zuciya, aikin samfefar dattijon ya zama mai sauƙin fahimta. Kan tamokopul yana shekaru a cikin wuta dare da rana. A hankali kunkunniya da ɓawon ƙonewa kan lulluɓe shi, su shiga tsakaninsa da zafi. Ƙarshen jelar da ke shiga akwatin bawul shi ma kan yi dauɗa, kuma lantarkin da bai kai kashi ɗaya cikin talatin na bolt ba, ɗan datti kaɗan ya ishe shi cikas.

Masu gyara sukan bi matakai sanannu. A rufe gas daga bawul ɗin hitar da kuma na bututun da ke kawo shi, a jira komai ya huce. A kwance notin tamokopul da na bututun 'yar wuta da na babban murhu, a zaro su tare. A goge kan ƙarfen da samfefa mafi laushi, a hankali, har baƙin ya fita, ba tare da an ci jikin ƙarfen ba. A share da busasshen tsumma, a share ƙarshen jelar ma. Ba a amfani da fetur ko wani ruwa mai kamawa da wuta. Wajen mayarwa, a tabbatar harshen wutar ya lulluɓe kimanin santimita ɗaya na kan ƙarfen. Notin tamokopul da hannu ake ɗaure shi, sannan a ƙara kwatan juyi da sifana, domin matse shi da ƙarfi kan murƙushe abin da ya raba wayoyin biyu. Bayan an buɗe gas, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a duba ko kumfa na tashi. Ba a neman yoyo da ashana. Wanda ya ji warin gas tun farko, ko bai saba da irin wannan aiki ba, ƙwararre zai kira, kuma a wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, doka ta tsananta a kan wanda ya cancanci taɓa kayan gas.

Sau da yawa kuma laifin ba na tamokopul ba ne. Idan 'yar wutar ta zama rawaya, ko ta ƙanƙance tana rawa, to ƙila ƙura ce ta toshe ɗan ramin da gas ke fita, kuma ƙarfen gaskiya yake faɗa: wutar ba ta isa ba. Idan an goge, harshe shuɗi ne mai ƙarfi, amma har yanzu tana mutuwa, ƙarfen ya tsufa, sai a sake sabo. A Amurka akwai ƙarin dalili. Tun 2003 hitocin gida da ake sayarwa can sai da rufaffen ɗakin wuta mai raga a gindi, don kada tururin fetur da ya zube a gareji ya kama. Dabarar tsohuwa ce, irin ta fitilar da Humphry Davy ya ƙera wa mahaƙan kwal a 1815, inda ragar waya ke barin iska ta shiga amma ta hana harshen wuta fita. Ragar kan toshe da ƙura, wuta ta rasa iska, na'urar ta kashe kanta. Sababbin hitoci da yawa kuma sun koma ga damin tamokopul mai ba da kimanin milibolt 750, wasu sun daina 'yar wuta gaba ɗaya sun koma kunnawa da tartsatsin lantarki. A kowane hali ƙa'idar ba ta canza ba.

Inda labarin ya iso kicin ɗinmu

A Kano ko Kaduna ko Maraɗi, hitar ruwan da ke gidaje galibi ta lantarki ce, ba ta da harshen wuta balle mai gadinsa. Amma gas ɗin girki ya shiga gidajenmu sosai a shekarun nan, kuma tamokopul ya biyo shi. Duk wadda ta taɓa kunna oven ɗin kukar gas ta ga sai ta riƙe maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi kafin wutar ta zauna, ta yi mu'amala da shi. A wasu kukokin ana ganinsa tsaye kamar ɗan ƙusa a gefen kowane murhu. Yawancin ƙananan kukokin tebur masu araha ba su da shi, kuma wannan tambaya ce da ta cancanci a yi wa mai shago kafin a biya kuɗi.

Dalilin kuwa shi ne gas ɗin silinda ya fi iska nauyi. Na bututu da ake amfani da shi a biranen Turai da Amurka sama yake tashi, namu kuwa ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe ya taru a lungu, kuma kashi biyu cikin ɗari na iskar ɗaki ya ishe shi kamawa. Tukunyar da ta tafaso ta kashe wuta alhali uwargida na waya a falo, ko iskar da ta shigo ta taga, su ne ainihin yanayin da aka ƙera wannan ƙarfe dominsa. Ƙurar hunturu da maiƙon miya kuma suna yi masa abin da kunkunniya ke yi wa ɗan'uwansa na hita. Ranar da oven ya fara mutuwa da an saki maɓalli, akan sami mai gyaran da zai ce a cire abin kawai ko a danne shi, aiki ya tafi. Shawarar da na ba dattijon ke nan, kuma ma'anarta a mayar da na'urar zamanin Maughan, lokacin da gas ke zuba ko da wuta ko babu.

Abin da Seebeck ya gani a allurar kamfas ya yi nisan da bai taɓa zato ba. Kumbunan Voyager biyu da aka harba a 1977 da ɗaruruwan tamokopul suke samun lantarki daga zafin fulutoniyam, kuma na farkonsu ya wuce kilomita biliyan 20 daga duniya. Amma aikinsa mafi yawa a nan ƙasa yake, a gindin tukwane da bayan kukoki, inda yake riƙe da ɗan faifan ƙarfe da ƙarfin da bai kai na batirin agogo ba. Dattijon nan ya ɗauki kusan rabin awa kafin ruwa ya fara ɗumi, ni kuma na makara zuwa aji a ranar. Da na koma gida Najeriya, abin da na fara yi shi ne leƙa gefen murhun kukarmu in ga ko ɗan ƙusan yana nan.